Yadda ake yi wa wuƙar dutse ƙota da ƙahon barewar Turai

Wuƙar dutse ta farko da na yi wa ƙota a hannuna ta karye, ko albasa ban kai ga yankawa da ita ba. Sati guda na yi ina ɓantarar dutsen har ya fito siriri gwanin sha'awa, na rarake ƙahon, na zo sakawa sai gindin ya cije saura ƙiris ya zauna, sai na ce bari in ɗan murɗa shi. Ƙas! Abin da na ji kenan. Rabi a hannuna rabi a cikin ƙaho, ga jini a babban yatsa. Daga ranar na gane cewa mu da muka tashi muna kallon maƙeri yana gasa tsinin fartanya ya soka a ƙota ya buga da ƙasa ta zauna daram, wannan sabon shi ke cutar mu a nan. Ƙarfe yana lanƙwasa ya yafe maka, shi kuwa dutse ko ya zauna lafiya ko ya karye, babu tsakiya. To duk bayanin da zan yi a kan abu ɗaya yake zagayawa, ƙahon ake ci a hankali har ya karɓi dutsen, ba a tura dutse ya nemar wa kansa wuri.

Bari mu fara da ƙahon kansa don kar a samu ruɗani. In na ce barewar Turai ina nufin wadda zaka ga ƙahonta ya yi rassa kamar busasshiyar bishiya. Wannan ƙahon ba irin na saniya ko rago ko barewar dajinmu ba ne. Na saniya kwanso ne da ya lulluɓe ƙashi, asalinsa ɗaya da farce da gashi, shi ya sa wanzami yake samunsa da rami a ciki ya yi ƙaho da shi, kuma dabbar tana ɗauke da shi har ta mutu. Na barewar Turai kuwa ƙashi ne zalla, duk shekara yake faɗuwa da kansa wajen ƙarshen sanyi wani sabo ya tsiro, mutane su shiga daji su tsinta ba tare da an kashe komai ba. Bayansa tauri kamar me, cikinsa kuma wani soso-soso ne mai ƙananan ƙofofi kamar cikin ƙashin da ake tsotsa a miya. Wannan soson shi ne sirrin aikin gaba ɗaya, shi ake rarakewa. A duk nahiyar Afirka irin wannan barewar guda ɗaya ce 'yar asali, tana can dazukan tsaunukan Atlas wajen Aljeriya da Tunisiya, don haka kar ka wahalar da kanka wajen mafarautan garinku. Wanda ke Turai ko Amurka ya leƙa shagon kayan karnuka, ana yanka ƙahon gunduwa-gunduwa ana sayarwa don kare ya riƙa gwaigwaya, ni ma can na sayi nawa na farko. Wanda ke gida sai saƙo ko oda. In bai samu ba, ƙarshen ƙahon sa wajen tsinin nan da ba rami yana yi, ko icen ƙirya, matakan kusan duk ɗaya ne sai dai wajen rarakewa zaka fi shan wuya.

Me ya sa ma ake son ƙahon? Yana shanye bugu ba ya saurin tsagewa kamar busasshen ƙashi. Mutanen da suka zauna a ƙauyukan bakin tafkuna na Suwizalan a zamanin dutse sun san haka, gatarinsu na dutse sai su fara cusa shi cikin guntun ƙahon barewa sannan su saka guntun a ƙotar ice, don in an sari bishiya ƙahon ya tare ƙarfin bugun kar icen ya dare. An tono irin waɗannan da yawa.

Wajen zaɓe ka nemi guntu mai tsawon santimita 10 zuwa 12, kauri kuma wajen santimita 2 da rabi zuwa 3 a bakin da dutsen zai shiga. Ka riƙe shi a hannu ka ji, yawancinsu suna da ɗan lanƙwasa, ka juya shi har ka samu yadda lanƙwasar ta kwanta a tafin hannunka, nan take ka sa fensir ka yi alamar inda kaifi zai kalla, don in ka manta ka haƙa ramin a karkace wuƙar zata fito tana kallon gefe kamar mai harara. Gindin ƙahon mai ɗan kambun nan inda ya ɓalle daga kai ya fi kyau a ido kuma yana tare hannu kar ya zame. Wanda ya daɗe a rana ya yi fari fat yana garin alli in ka kankare da farce, bar shi, ya mutu. Ka duba bakin ma, bangon mai tauri ya kai kaurin milimita 3 ko 4 a kewaye, in soso ne kusan duka ba abin da zai riƙe dutsen.

Sai dutsen. Mafi yawa da ƙanƙara ake yi, ƙanƙarar ƙyastu nake nufi ba ta firij ba, ko kuma obsidiyan, baƙin gilashin nan da dutse mai aman wuta ke fitarwa. Yadda ake ɓantarar ruwan wuƙar karatu ne daban mai tsawo, a nan na ɗauka kana da shi a hannu. Mai son koyo dai ya fara da gindin kwalba mai kauri, ba raini ba ne, Ishi mutumin nan na ƙabilar Yahi da ya fito daga daji a Kalifoniya a 1911, wanda masu wannan sana'a na yau suka koyi abubuwa da yawa daga aikinsa, shi ma da gilashin kwalba ya riƙa yin kan kibiya. Roƙo ɗaya zan yi, in ka tsinci tsohon kan kibiya ko gatarin aradu a gona, ko aka kawo maka irin na Sahara, dan Allah kar ka goge shi ka manna a ƙota, kayan tarihi ne, ka yi sabo naka.

Abin dubawa a jikin dutsen shi ne gindinsa, wato ɓangaren da zai nutse cikin ƙaho. Ni ina barin kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon, in ruwan duka santimita 12 ne to 3 da rabi zuwa 4 na ciki. Gajeren gindi yana girgiɗi, kuma kar ka siranta shi da yawa don a daidai bakin ƙota wuƙar dutse ta fi karyewa. Mataki na farko na ainihi shi ne ka dakushe gefunan gindin. Ka samu dutsen wasa ko wani dutse mai kaushi, ka zuba ruwa, ka goga gefe da gefe har ka iya shafawa da yatsa ba ta yanke ka ba, har zuwa ɗan sama da inda bakin ƙota zai tsaya. In ka bar kaifi a nan shi zai yanke jijiyar da zaka ɗaure da ita daga ciki kana zaune. Ruwan da na ce a zuba ba na ado ba ne, ƙurar ƙanƙara tana lalata huhu. A garin Brandon na Ingila inda aka shahara da fasa ƙanƙarar bindiga tun wajen 1790, har ana kawo ta Afirka ta Yamma ana sa wa bindigogin toka, da yawan masu sana'ar ciwon huhu ne ya kashe su da sauran ƙuruciyarsu saboda a rufaffen ɗaki suke aiki. Ka yi aikinka a waje, ka sa takunkumi, ka sa tabarau.

Daga nan ka naɗe ruwan wuƙar da guntun fata ka ɗaure, ko ka nannaɗa masa salatif mai kauri, gindin kawai zaka bari a waje. Kar ka ce ai zaka kula. Obsidiyan yana yanka ba ka ji ba sai dai ka ga jini a wando.

Yanzu ƙahon. Ka yanke bakin da zarto ya zama a miƙe, ka goge da magagari. Ka ɗora gindin dutsen a kan bakin ka zagaye shi da fensir, zaka ga siffar ta fito kamar ƙwayar ido ko ɗan gwanda, faɗi a tsakiya siriri a gefe biyu. Ramin da zaka haƙa kenan. Hanya biyu ce. In ƙahon ya fi gindin dutsen faɗi, rami zaka yi a cikin soson dutsen ya shige gaba ɗaya, wannan na fi so don ya fi ƙarfi kuma ya fi tsabta. In kuwa dutsen ya fi ƙahon faɗi to tsaga zaka yi, ka yanka bakin da zarto layi biyu ka cire tsakiya ya zama kamar bakin kada, dutsen ya zauna a tsakani gefunansa suna leƙowa, a nan ɗauri ne zai yi rabin aikin.

Kafin haƙa ka jiƙa ƙahon. Ka tsoma bakin a ruwa kwana 2 ko 3, in kana sauri ka tafasa shi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya a tsohuwar tukunya, ba ta uwargida ba in kana son zaman lafiya don yana da ƙarni. Soson zai yi laushi har ka iya ƙwaƙule shi da ƙusa mai faɗin baki ko tsinin tsohuwar wuƙa ko ƙaramin cizal. Mutanen da ma haka suke yi, su jiƙa sannan su kankare da tsinin ƙanƙara. In kana da injin huda, ka jera ƙofofi 3 ko 4 da siririn baki a cikin zanen fensir ɗin sannan ka haɗe su da magagari siriri, amma a hankali, in ya yi zafi yana wari kamar ana babbakar kai, kuma bakin injin yana iya zamewa ya ɓullo ta gefe. Ka naɗa salatif a jikin bakin daidai zurfin da kake so don kar ka zarce. Akwai dabarar da masu wuƙar ƙarfe ke yi, su tafasa ƙaho su danna tsinin ƙarfen cikin soson da ƙarfi ya bushe a kai ya kama. Da ƙarfe tana yi. Da dutse kar ka soma, hanyar da na bi na yi asara kenan.

To nan ne wurin da ake zama, in ka ga dama ka kunna rediyo. Ka shafa wa gindin dutsen gawayi ko baƙin tukunya, ka zura shi a ramin a hankali da yatsu biyu kawai, da ka ji ya tsaya ka tsaya kai ma, ka zaro shi a miƙe ba murɗawa, ka leƙa ciki. Duk inda ka ga baƙi ya taɓa to nan ne ya cije, nan kaɗai zaka kankare. Ka sake shafawa, ka sake zurawa, ka sake kankarewa. Zaka yi haka sau 20 ko 30 kuma ba ɓata lokaci kake ba, aikin kenan. Dutsen da aka ɓantara ba a shafe yake ba, yana da tudu da kwari, wani lokaci ƙaramin tudu ɗaya kamar ƙwayar gero shi ke hana komai shiga, in ka gano shi kana iya goge shi a dutsen wasa maimakon ka yi ta faɗaɗa rami. Abin da kake nema shi ne gindin ya shige har ƙarshe ba tare da ka danna ba, ya ɗan yi motsi kaɗan kamar kaurin takarda biyu ko uku a kowane gefe. Mutane suna ɗauka matsattsen rami shi ne gwaninta, a'a, in dutse yana gogar ƙaho kai tsaye a wuri ɗaya to duk ƙarfin yanka nan zai taru kuma nan zai karye, wannan ɗan sararin shi danƙo zai cike ya zame wa dutsen katifa. Sannan kowane gwaji ka ɗaga wuƙar saitin idonka ka hango ta daga gindin ƙota zuwa tsini kamar mai duba miƙewar sanda, ka juya ka duba ta gefe. In ta karkata ka ci bangon da ke tura ta.

In ramin ya yi, ka ajiye ƙahon ya bushe sarai, a inuwa, kwana 4 zuwa sati. Kar ka sa a rana ko kusa da murhu, kuma in lokacin hunturu ne ka rufa masa tsumma don bushewar gaggawa tana tsaga shi. Danƙo ba ya kama jiƙaƙƙen abu, ko ɗan danshi ne a cikin soson zai saki daga baya. Bayan ya bushe ka sake gwadawa don yakan ɗan tsuke.

Kafin nan sai ka haɗa danƙon. Na gargajiya da aka fi yi a Amurka da Turai ƙaron bishiyar fayin ne, wata bishiya mai ganye kamar allura, da garin gawayi da ɗan kakin zuma. Ni nakan auna da murfin kwalba, ƙaro 4, gawayi 1, kaki 1, amma kowa da nasa awon don ƙaro ya bambanta. Gawayin ka daka shi ka tankaɗe ya yi laushi kamar kwalli. Wasu suna ƙara busasshen kashin zomo da aka murje, kar ka yi dariya, ciyawa ce da aka riga aka niƙa, zarenta yana hana danƙon tsagewa kamar yadda ake sa ciyawa a ƙasar gini. Ka narka ƙaron a gwangwanin madara a kan garwashi mara harshe, a waje, don yana kama wuta kamar fetur, ka ajiye faifan ƙarfe ko murfi a kusa in ya kama ka rufe, kar ka zuba ruwa. Kar ka bari ya tafasa yana kumfa da hayaƙi, in ya dahu da yawa man cikinsa ya gudu sai ya koma kamar gilashi. Da ya narke ka tsame ɓawo da ƙwarin da ke ciki, ka sa kaki, ka sauke, ka zuba gawayi kana juyawa da tsinke. Gwaji kuma mai sauƙi ne, ka ɗiga kaɗan a kan dutse mai sanyi ka jira, ka danna da farce. In ya fashe kamar alewar ɗinya ƙara kaki, in yana bin yatsa yana naso ƙara gawayi da ƙaro, in farcen ya bar ɗan shaida kawai bai fashe ba to ya yi. Mu masu zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 gara mu rage kakin, awon mutanen ƙasar sanyi a wurinmu narkewa yake. In ya yi sai ka riƙa tsoma tsinke kana juyawa yana taruwa a kai kamar alewa mai tsinke, ka ajiye, duk ranar da kake so ka kara a wuta.

Ina za a samu ƙaron fayin a gida? Rozin ɗin nan mai ruwan zuma da masu gyaran rediyo ke tsoma bakin ƙarfen soda a ciki, daga ƙaron fayin ake yinsa, an dai cire masa mai ne shi ya sa yake da gautsi, sai ka ƙara masa kaki fiye da awon sama. In kana son gwada ƙaron bishiyoyinmu irin na maje ko na hano, ka yi musu gwaji biyu, ka jefa guntu a ruwa ya kwana, ka kara wani a wuta. Wanda ya narke a wuta bai narke a ruwa ba shi kake nema. Ƙaron da ake sa wa tawadar allo kuwa ruwa ne ke narkar da shi, shi kaɗai ba zai jure jini da wanki ba. Amma abin mamaki a kogon Sibudu na Afirka ta Kudu an samu duwatsun da aka yi wa ƙota shekara wajen dubu 70 da suka wuce da alamar ƙaro haɗe da jar ƙasa a gindinsu, kuma da masu bincike suka gwada haɗa ƙaron irin bishiyoyin ƙaya da jar ƙasar suka busar a gefen wuta sai ya kama ya rage gautsi. Kwalta ma an yi da ita, a Siriya an tono duwatsu masu shafin kwalta a gindi. Su kuwa mutanen Turai na da, kwaltar ɓawon bac, wata bishiyar ƙasar sanyi mai farin ɓawo, suke dafawa, an samu irinta a Italiya da ta kai shekara wajen dubu 200.

Ranar haɗawa ka jera komai kusa da hannu tukuna don danƙo ba ya jira, ƙaho, dutse a naɗe, tsinken danƙo, kofin ruwa, garwashi. Ka ɗumama bakin ƙahon daga nesa har ya yi ɗumin da zaka iya riƙewa. Gindin dutsen ma ka ɗumama amma a hankali ƙwarai, kana juyawa, nesa da wuta, zafin farat ɗaya yana sa ƙanƙara ta yi tsalle ta ɓalle, obsidiyan kuma ya tsage. Dalilin ɗumamawar shi ne in danƙo mai zafi ya taɓa abu mai sanyi nan take yake daskarewa a sama bai shiga ƙofofin ba. Ka narka danƙon ka ɗiga a ramin har ya kai kamar kashi biyu cikin uku, ka sa tsinke ka shafe bangon ciki, ka shafa siriri a gindin dutsen, sannan ka zura a miƙe a hankali. Danƙo zai bulbulo ta gefe, haka ake so, in bai fito ba to bai isa ba. Kana da kamar rabin minti ka hango miƙewar ka gyara, daga nan ka riƙe shiru minti 2 ko 3 kar ka motsa. Wanda ya bulbulo ka jiƙa yatsa da ruwa ka shafe shi ya zagaye wuyan ya rufe duk wata kafa, busasshen yatsa zai ƙone kuma danƙon ya like masa. In ka duba ka ga ta karkace kar ka tanƙwara, daɗin wannan danƙon kenan, ka ɗumama a hankali ka zare ka sake.

Nasan wani zai ce malam me ya hana a sa gam ɗin Araldite a huta. Ba abin da ya hana, da yawan masu sayar da irin wuƙaƙen nan shi suke sawa su zuba garin gawayi ya yi baƙi kamar na gargajiya, kuma yana riƙewa fiye da ƙaro. Illarsa dai ranar da dutsen ya karye, kuma wataran zai karye, ƙotar da ka sha wuya a kanta sai ka yi ta haƙa kafin ka ceto ta, mai ƙaro kuwa wuta kaɗan zaka nuna mata ka zare guntun ka sa sabo. In kuma ka sa gam ɗin zamani ka zo sayarwa ka faɗa wa mai saye gaskiya.

Saura ɗauri. Jijiya ake so, ka je kwata ka ce mahauci ya cire maka agara ko doguwar jijiyar gadon baya, ta sa ko ta akuya. Ka kankare nama da kitse tas, ka shanya a inuwa inda kare da mage ba sa kaiwa har ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Sai ka ɗora a kan ice ka daddaka da dutse mai santsi ko guduma ta ice har ta yi fari ta tarwatse, ka yayyage ta zare-zare siriri. Ka jiƙa zaren a ruwa mai ɗumi minti 10 zuwa 15, mutanen da a baki suke taunawa, wannan kuma ya rage naka. Ka kwantar da bakin zaren a kan ƙahon ka bi ta kansa ka danne, ka riƙa naɗawa layi kusa da layi kana ja daidai, daga kamar santimita 2 ƙasa da baki ka hau har wuyan dutsen inda ka dakushe. In zare ya ƙare ka ɗora wani a kan wutsiyarsa ka ci gaba, ba a ƙulli, ƙarshen ma shafe shi zaka yi da yatsa ya kwanta, jijiya tana da gam ɗinta a jiki kuma in tana bushewa tsukewa take ta matse ƙahon kamar an sa zobe. A ƙota mai rami amfaninta ta hana baki darewa, a mai tsaga kuwa ita ce mai riƙon, don haka can ka yi hawa biyu ko uku kana gicciyawa ta gefunan dutsen. In ƙahon santsi gare shi ka ɗan yi masa zagayen kwari da magagari inda ɗaurin zai kwanta. Mutumin nan Otzi da aka tsinci gawarsa a daskare cikin ƙanƙarar sanyi ta tsaunukan Alps a iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, wanda ya rayu shekara wajen 5,300 da suka wuce, 'yar wuƙarsa ta ƙanƙara duka-duka santimita 13 ce har ƙota, ƙotar ice ce kuma da jijiya aka ɗaure. A kayansa har da wani abu kamar fensir, ice ne da aka soka wa tsinin ƙahon barewa a tsakiya, da shi yake danna bakin dutse yana sabunta kaifi. Ka ga guntun tsinin da ka yanke daga ƙahonka kar ka yar, abin sabunta kaifin wuƙarka ne.

Ka bar ɗaurin ya kwana ɗaya ko biyu. Zai bushe ya koma ruwan zuma yana ɗan sheƙi. Maƙiyinsa ruwa ne, in ya jiƙe zai saki, saboda haka ka shafa masa danƙo siriri ko kakin zuma mai ɗumi ka murza da yatsa. Wanda bai samu jijiya ba siririn tsirkiyar ɗanyen fata yana yi, zaren roba mai kaki da ake sayarwa da sunan jijiya kuwa ba ya tsukewa, ado ne kawai. Ƙahon kuma ka bi shi da sanfefa mai laushi inda yake cizon hannu kaɗai, kar ka goge gurji-gurjin bayansa duka don shi ke hana santsi in hannu ya jiƙe, ka shafa ɗan kaki ka goge da tsumma.

Yanzu ka kwance fatar da ka naɗe ruwan, ka riƙe ƙota ka ɗan taɓa bayan dutsen da yatsa ka ji ko yana motsi. In ka ji ƙyas-ƙyas to akwai kafa a ciki, ɗumama ka ƙara danƙo. In shiru, gwada ta a kan fata ko tsokar nama, ja ake yi ba sara ba, zaka sha mamakin yadda take wucewa. Wajen fiɗa da yanka tsoka ba ta da matsala, har ma ya zo a hadisi cewa wata baiwar Ka'abu bin Malik ta ga tunkiya zata mutu ta fasa dutse ta yanka ta da shi, Annabi (SAW) ya ce a ci. Amma kar ka sari ƙashi da ita, kar ka ɓamɓare murfin gwangwani, kar ka yanka a kan faranti ko siminti, kar ka murɗa ta a cikin gaɓa. In ka gama ka goge da ɗanyen tsumma, ba a jiƙa ta a bokiti. Ka kai wa baduku ya ɗinka mata kube na fata mai kauri wanda bai matse ba, ka ce ya sa wani zirin fata a cikin ɗinkin ta gefen kaifi don kar ta yanke zaren. Kar ka bar ta a cikin mota da rana danƙon zai yi laushi dutsen ya sunkuya, kuma ka rataye ta sama, ɓera yana son jijiya, kare kuma a wurinsa ƙotar nan abin gwaigwayarsa ce da aka saya a shago.